Jan Layi a Bangon Ɗaki

Kwanan baya jikana ya kawo wani kafinta gidan nan, saurayi da inji a hannu, yana huda bangon siminti kamar mai huda kabewa. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya kafa wa matan gida kantoci a ɗakin girki, ya share ƙurar, ya goge hannu. Da zai fita sai ya leƙa tsohon ɗakin da ke jikin zaure, ya hango wata kanta a bango daidai gwiwar mutum, ya fashe da dariya. Ya ce wa ya yi wannan, ko kaji aka yi wa wurin kwana? Ya ce in na yarda zai ɗaga mani ita sama, kyauta. Na ce ya bar ta inda ya gan ta. Ni dama ban cika sakin jiki da mai cewa kyauta ba, kuma na san inda na koyi wannan halin. Ban gaya masa ni na kafa ta ba. Ya tafi yana yi mani kallon tsohon da ya fara ruɗewa, ni kuwa na zauna a ƙofar ɗakin har la'asar, abin da ya wuce yana ta dawo mani.

A ƙauyenmu na bakin gulbi, can ƙasar Maradun, ba mu san kanta a cikin gida ba. Sai dai a Mafara ranar Talata, in ka shiga kanti ka ga sabulu da ashana a jere sama da kan mai kantin. Mu abin da muke da shi ragaya ce ta rataye ƙwaryar nono, da alkuki, ɗan ramin nan na jikin bango da ake ajiye fitila, da turke guda da dattijo ke rataye gafakarsa. Sauran kaya duk a ƙasa suke zaune, su da kaji da yara, kowa ya san hanyarsa. Yanzu in na farka ƙarar babur nake fara ji, da waƙa daga wayar wani. A can kuwa luguden mata ne ke tashe ka, sai kukan jaki, sai masu ban ruwa suna kiran juna a fadama, muryarsu na zuwa a kan ruwa kamar suna bayan danga. Da damina kwaɗi ba sa barin kowa ya ji maganar wani. Muna cikin wannan zaman wani sauti ya shigo mana wanda ba mu san irinsa ba: gurnanin katafila daga nesa, da fashewar dutse da ke sa ƙasa ta zubo daga rufin ɗaki cikin abincin mutum. Aka ce madatsar ruwa ake ginawa a Bakolori.

Daga baya masu awo suka zo da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙe ta cikinsa. Suka hau tudun da ke bayan gari, suka shafa jan fenti a jikin dutse, suka ce duk abin da ke ƙasa da wannan ja na ruwa ne. Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce gulbin da ya sani, wanda kakansa ma ya sani, bai taɓa wuce gindin gawon fadamarmu ba, ko a shekarar da ruwa ya fi hauka. Ya ce dabara ce ta raba mu da fadama, a tsorata mu mu tashi da ƙafarmu. Yawancin dattawa suka bi bayansa. Tun daga ranar garin ya zama wani iri. Wanda ya sayi sabon keke, a ce ina ya samo. Wanda ya sayar da saniya, a ce an tsegunta masa wani abu. Wanda bai yi yaɓen bangonsa da wuri ba, a ce ya san ba zai shekara a ciki ba. Mutanen da suka tashi tare tun suna yara suka koma auna maganar juna kafin su amsa. Ni kuma a cikin wannan hali na je na kama aikin lebura a wurin madatsar, don rani ne, ba noma, ga ni da mata da 'ya. Baba bai hana ba, amma bai sa albarka da baki ba.

'Yar ita ce ta fari a wurina. Wanda ya tashi yanzu ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Yau sai ka ga saurayi ya saɓa ɗan farinsa a kafaɗa a gaban uban da ya haife shi, yana kiran sunansa, yana yi masa wasa, ba wanda ya ɗaga kai. Mu a lokacinmu ɗan fari na kakanni ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ko faɗuwa ya yi a gabanka sai ka kau da kai ka bar wani ya ɗaga shi. In aka ji ka nuna damuwa da shi, ka zama abin ba'a har ka tsufa, a ce ba ka da kunya. To ita yarinyar ta fara rarrafe, kuma Allah ya yi ta da hannu mai ɓarna. Wata rana na dawo da azahar na same ta ita kaɗai a ɗaki, matata Kulu ta fita ɗebo ruwa, ta jawo kwalbar kananzir daga alkuki ta cire tsumman bakin, tana shirin kaiwa baki. Na fizge kwalbar. Na mayar da tsumman, na zauna a ƙasa riƙe da ita har Kulu ta dawo. Ban gaya wa kowa ba sai Kulu, ita ma ba ta gaya wa kowa ba.

A wurin aiki akwai tarin katakon akwatunan da ake kawo injuna a ciki, in an fasa sai a watsar. Na roƙi guda aka ba ni, na ɗauro a kai har gida, na sayo ƙusoshi a Mafara. Ban taɓa riƙe zarto ba, da adda na datse shi, bakin ya fito kamar ɓera ya ci. Na buga ƙusoshi a bango na ɗora katakon, na ja baya ina jin kaina wani gwani. Kulu ta jera tasoshinta a kai. Ba mu gama yaba aikin ba tasoshin suka fara gangarawa gefe guda, ƙusoshin suka zare da ɓarɓashin ƙasa, komai ya zubo da ƙara har kaji suka watse. Kulu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce in dariya ce ta yi ta a fili.

Washegari na kai kuka wurin Mani, wani kafinta mutumin Damri da ke haɗa katakon zuba kankare. Ya saurare ni yana taunar goro, ya ce bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa. Ya ce in sassaƙa guntayen turaku na icen ƙirya, don gara ba ta cinsa, in haƙa rami mai zurfi a bango in cusa su, in cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa in bari ta bushe. Batun karkata kuwa, ya miƙo mani wani dogon tiyo na roba wanda ana ganin abin da ke cikinsa. Ya ce in cika shi da ruwa, mutum guda ya riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa, ni in riƙe ɗayan a waccan. Inda ruwa ya tsaya a nan, daidai nan ya tsaya a can, sai in sa alama in haɗa su da layi. Ya ba ni guntun jan fensir mai kauri irin nasu na kafintoci. Har na juya ya kira ni.

"Kak ka buga katakon da ƙusa bisa turakun," in ji shi. "Aza shi kawai, yadda ran da kaka so ka ɗauke abinka."

A lokacin ban ji komai a maganar ba. Ranar Juma'a da hantsi na cika tiyo, Kulu ta riƙe baki guda, na auna daidai ƙirjina, inda na tabbata hannun yaro ba zai kai ba ko ya fara tafiya. Na ja layi ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya fito sak, har na tsaya ina sha'awarsa. Ina cikin haka na ji an ja numfashi a bakin ƙofa. Gwaggo Tumba ce, ƙanwar Baba da ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, matar da labari ba ya kwana a bakinta. Ta dubi ruwan da ke cikin tiyo, ta dubi jan layin, ta dube ni.

"Mi an nan kuma?"

"Kanta za ni yi, Gwaggo."

"Kanta," ta maimaita, ta juya ta fita ba ta ɗauki abin da ta zo aro ba.

Kafin a sauko daga masallaci gari ya gama ɗauka. Wai na shigo da ruwa cikin gida a tiyo, na gwada inda zai kai, na sa ja irin na masu awo. Wasu suka ce Turawan madatsa ne suka aiko ni in fara da gidanmu don sauran su karaya. Wasu suka ce an riga an nuna mani filina a kan tudu. Da la'asar Baba ya shigo ɗakina, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi aure. Kulu ta sulale waje. Ya tsaya gaban layin, ya sa yatsa ya bi shi tun daga farko har ƙarshe.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba. Wurin aza kaya na."

"Kayan da munka saba ajewa ƙasa tun kakanninmu? To na ji. Mi as sa sai nan? Mi ah hana ka yi shi ƙasa-ƙasa, inda mace ka kai hannu tana zaune?"

Amsar tana bakina. A daidai lokacin yarinyar na rarrafe a tsakar gida, ina jin ƙarar ɗan wuri da aka ɗaura mata a ƙugu. Kalma guda ce za ta raba mu da wannan fitina, amma ba kalmar da ɗa ke faɗa wa ubansa ba ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka nan dai." Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Haka nan dai," a hankali, kamar yana ɗanɗana abu mai ɗaci, ya fita.

A gidanmu maza kwano guda muke ci a zaure, Baba a tsakiya. Ran nan da aka kawo tuwo, sai na ga an raba: babban kwano a gaban Baba da ƙannena, wani ƙarami an tura mani gefe kamar baƙon da ba a san halinsa ba. Na ci don kada a ce na yi fushi, amma ban san abin da na haɗiya ba. Da safe na je gaishe shi. Da can gaisuwarmu gajera ce, yana amsawa yana ba ni aikin ranar. Yanzu sai ya miƙe mani ita doguwa, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ƙaƙa mutanen wurin aikinku, ƙaƙa manyanku, yana yi yana duban wani wuri. Gaisuwar baƙo ya koma yi mani, kuma wannan ta fi zagi ciwo. A dandali in na iso hira ta koma ta farashin gero. Abokin da muka yi kaciya tare ya tambaye ni a ɓoye ko gidansu ma yana ciki.

Taurin kai ya sa na ƙarasa aikin. Na sassaƙa turakun, na cusa, na bari suka bushe, na aza katako. Wannan karon ta zauna daram, ko ƙwai ka ajiye ba zai motsa ba. Na ɗora kananzir da ashana da wuƙa da tasoshin Kulu. Baba ya sake shigowa, ya sa hannu ƙarƙashin katakon ya ɗaga, sai ga shi ya taso a hannunsa.

"Ba ka ko kahwa shi ba," ya ce. "Mai shirin zama ba shi aje kaya haka."

Nan maganar Mani ta dawo mani. Ran da kaka so ka ɗauke abinka. Me ya sani da ya faɗi haka? Me ya sa ya ba ni tiyo da fensir bai nemi ko goro ba? Me ya sa fensirin ja ne? Na wayi gari ina yi masa irin kallon da ake yi mani. Na mayar masa da kayansa ban tsaya hira ba, ya bi ni da ido yana mamaki. Har yau ban san ko shawarar kafinta ce kawai ya ba ni ko tausayina ya ji ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Abin da na yi shi ne na dawo gida na kira Baba, a gabansa na jera ƙusoshi na buge katakon a jikin turakun, na lanƙwashe kawunansu yadda ko da ƙarfi ba za su fita ba. Na ce, "Ga shi, Baba." Ya ce ya gani. Da aka kawo tuwo, ƙaramin kwanon yana nan a gefe.

Ruwan bai zo da hauka ba. A hankali ya riƙa tahowa, yau ya ci kunyar gona guda, gobe ya ci biyu. Ya wuce gindin gawo, Baba ya daina zuwa dandali. Ya shanye fadama, ya shigo bayan gari. Abin da ya biyo baya na rigima da baƙin ciki a ƙasar nan ba zan buɗe shi yau ba, waɗanda suka gani sun sani. Ranar da mota ta zo kwasarmu na yi ta fama da kantar nan, ƙusoshin da na lanƙwashe da hannuna suka ƙi ni, direba na ta danna ƙaho, na bar ta a bango. Sannan aka ce in shiga ɗakin Baba in kwaso kayansa. Rabona da shiga ɗakin tun kafin rigimar. Ina ɗaga labule na tsaya cik. A bangonsa akwai layi na gawayi, karkatacce, daidai ƙirji. Ya kafa turaku sama da layin, ya rataye gafakarsa da allunansa da damin irin gero, ba abin da ya bari ƙasa sai tabarma. Mutumin da ya yi wa jan fentin masu awo dariya, ashe jan layin ɗansa ya gaskata. Ya yarda na sani, ya yarda na ɓoye masa. Na kwashe kayan ina hawaye, ban bari kowa ya gani ba. Daga baya ruwa bai tsaya a layina ko nasa ba, har rufin ɗakunan ya shanye.

Aka zuba mu a kan tudu mai tsakuwa, inda ba kwaɗo ba inuwa, muka sake gini. Baba ya rame, maganarsa ta ragu. Da ɗakinsa ya bushe, wata safiya bayan doguwar gaisuwar nan tasa sai ya ce in yi masa irin abin da na yi a ɗakina na can. Na samo katako da ƙirya, na aro tiyo. Ina cika shi da ruwa ya matso kusa, ya rage murya.

"Hwaɗa mani gaskiya wanga karon. Nan ma ruwan shina isowa?"

Na gane duk inda na sa hannu a bangon nan karanta shi zai yi. In na ce ban sani ba, ya riga ya ji wannan. Sai na durƙusa na sa alama daidai gwiwa, da farar toka, na kafa turaku a nan, na buge katako da ƙusa. Ina so ya ga mai tsoron ruwa ba ya ajiye kaya a nan. Ya dubi kantar, ya dube ni, bai nuna ya gamsu ba, amma ya jera kayansa: tasbaha, wuƙar fiƙe alƙalami, kwalbar tawada, da kwalbar kananzir ta fitilarsa.

Yarinyar a lokacin ta fara tafiya, kuma ɗakin kakanta ne wurin zuwanta. Ina tattara guntayen katako ta shigo tana tangaɗi, ba ta tsaya ko'ina ba sai gaban kanta, ta cafki kwalbar kananzir da hannu biyu ta nufi baki da ita. Baba ya yi wani tsalle da ban san yana da sauransa ba, ya fizge. Ta ɗaga hannuwa tana kuka tana miƙa. Ya ɗaga kwalbar sama, ta yi ɗage, ya ƙara ɗagawa, yana lalube a bango inda zai ajiye ta, har hannunsa ya tsaya inda ba za ta kai ba. Daidai ƙirjinsa ne. Ya tsaya a haka, kwalba a jikin bango, yana duban hannunsa. Ya dubi yarinyar. Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai kamar ranar farko, don har yanzu ba maganar da zan iya faɗa ba ce, shi ma ba wadda zai iya tambaya ba ce.

Na ce, "In ɗaga ta sama, Baba?"

Ya ce, "Bar ta nan." Ya rataye kwalbar a turken gafaka, ya ɗauki jikarsa ya saɓa, ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya.

"Tumba! In an ƙare tuwo a kai zaure. Kwano guda."